Babi na Tara: Koyarwa a Jami'o'in Nijeriya Lokacin Annobar Korona da Bayanta

Gabatarwa

Kafin shekarar 2020, koyarwa a yawancin jami'o'in Nijeriya ta dogara ne a kan haɗuwar malami da ɗalibai a zauren lacca: malami ya yi bayani, ɗalibai su rubuta, a ƙarshen zango a zauna jarrabawa. Wannan babi zai duba yadda annobar korona ta girgiza wannan tsari, da kuma abin da sauyin ya bayyana game da aikin malami, musamman malamin harshe.

Rufe jami'o'i

An tabbatar da ɓullar cutar a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. A watan Maris aka rufe makarantu, a watan Afrilu kuma Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci manyan makarantu su koma koyarwa ta intanet. Sai dai umarnin ya tarar da ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, tana yajin aikin da ta fara a watan Maris, wanda ba ta janye ba sai 23 ga Disamba. Saboda haka, yayin da wasu jami'o'i masu zaman kansu suka ci gaba da darussa ta intanet, ɗaliban jami'o'in gwamnati sun shafe kusan shekara a gida. A wurinsu sauyin bai fara ba sai da aka ba da izinin komawa a watan Janairun 2021, lokacin da dokar ba da tazara ta hana cunkushe ɗaruruwan ɗalibai a zaure ɗaya. Jami'ar Legas da ta Ilori na cikin waɗanda suka soma da lacca ta intanet.

Karatu daga nesa da koyarwar gaggawa

Wajibi ne a bambance abubuwa biyu da ake yawan cuɗanya su. Karatu daga nesa ba baƙo ba ne a ƙasar nan, domin Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta daɗe tana horar da malamai ta wannan hanya. To amma irin wannan tsari yana da littattafan da aka rubuta domin mai karatu shi kaɗai, da cibiyoyin da ake haɗuwa lokaci-lokaci. Abin da aka yi a lokacin annoba kuwa gaggawa ce: an ɗauki laccar da aka shirya domin zaure aka zuba ta cikin waya. Malami ya yi ta magana har tsawon sa'a biyu ga ɗaliban da ba ya ganin fuskokinsu, bai san wanda ya gane ba, bai ma san wanda ya ajiye wayar ya tafi kasuwa ba.

Ga kuma rashin wutar lantarki da tsadar data da raunin sabis a karkara. Wannan ne ya sa manhajar WhatsApp ta fi Zoom karɓuwa a wurin ɗalibai da dama, domin ana iya sauke saƙon murya a saurare shi a duk lokacin da hali ya yi. Jarrabawa ita ta fi ba da wahala, don ba a da tabbacin wanda ya amsa tambayoyin.

Darasin Hausa a cikin waya

A nan ne al'amarin ya fi shafar malamin Hausa. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar kuka ta zubar da hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya ne, karin sauti ne ya raba su. Haka nan gashi na kai da gashi na nama, tsawon wasalin farko ne ya bambanta su. Takardar da aka tura wa ɗalibi ba za ta koya masa wannan ba, sai kunne ya ji. Saƙon murya ya yi amfani ainun ta wannan fuska, har ma ya fi zauren lacca da abu guda: ɗalibi na iya maimaita shi sau goma. Amma jin furucin malami rabin darasi ne. Ɗaya rabin shi ne malami ya ji furucin ɗalibi ya gyara masa. Inda malami ya tura murya bai nemi a mayar masa da murya ba, wa'azi ya yi, ba koyarwa ba. Akwai kuma matsalar haruffa masu ƙugiya: ɗalibin da bai saita allon rubutun wayarsa ba zai rubuta kafa a maimakon ƙafa, har hannunsa ya saba.

Abin da ya saura

Da annoba ta lafa, an koma zauren lacca, kuma jarrabawa ta koma gaban mai sa ido. Abin da ya zauna shi ne dandalin aji a WhatsApp, da tura takardun darasi ta waya, da tarurrukan ƙara wa juna sani ta intanet.

Jinga

1. Bambance tsakanin karatu daga nesa da koyarwar gaggawa.
2. Tsara darasin minti biyar na saƙon murya a kan karin sauti, tare da nuna yadda za a ji furucin kowane ɗalibi a gyara shi.