ALWALA DA ƘAFAR MAI CIWON SUKARI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, aya ta 6 cikin Suratul Ma'ida ta wajabta wanke ƙafafu zuwa idon sawu a alwala, kuma ita ce ta yi wa majinyaci rangwamen taimama. Mai ciwon sukari yana da bukatar sanin hukuncin nan biyu, domin shi ƙafarsa ce ƙofar hatsari.

Sukari in ya daɗe da yawa cikin jini, yakan kashe jijiyoyin da ke kai wa mutum labarin zafi, ya kuma ƙuntata hanyoyin jini. Sai manomi a fadamar Gulbin Rima ya taka ƙaya ya wuni bai sani ba, ko dattijo ya cire takalmi a masallacin Juma'a na Isa da bazara, rairayi ya ƙona masa tafin ƙafa bai ji ba. Rauni ƙanƙane ya zama gyambo, gyambo ya kai ga ƙashi. Wani nazari da likitoci suka buga a 2017 ya kimanta cewa mutum 19 zuwa 34 cikin 100 na masu wannan ciwo za su yi gyambon ƙafa a rayuwarsu.

To, Musulmi yana kai hannu ga ƙafarsa sau da yawa kullum. Tsattsefe yatsun ƙafa mustahabbi ne a mazhabar Imamu Malik, amma ga mai ciwon sukari nan ne wurin dubawa: kumburi, ko faso, ko bororo, ko sauyin launi. Wanda idonsa ya raunana ya sa ɗansa ko matarsa su duba masa. Mata su lura lalle yakan ɓoye baƙin da ke nuna jini ya daina isa. In an gama, a tsane ruwan da tsumma mai tsabta, musamman tsakanin yatsu. Imamu Malik bai ga laifi ba ga goge ruwan alwala. Da hunturu a gwada ruwan ɗumi da gwiwar hannu tukuna, kada a kusantar da ƙafa ga garwashi, a shafa man kaɗanya ga diddige ban da tsakanin yatsu. A zazzage takalmi kafin a sa. Aska da reza kuwa, ko ta wanzami ce, ba su da wuri a wannan ƙafa.

Inda jama'a suka fi kuskure shi ne bayan gyambon ya fito. Wani yakan kwance ɗaurin da ma'aikacin asibiti ya yi, ya kwarara ruwan rijiya sau biyar, wai kada sallarsa ta ɓaci. Wannan tsanani ne da shari'a ba ta ɗora masa ba. Abin da malamai suka bayyana a babin shafa kan jabira, kamar yadda yake cikin Muhtasar na Shaihu Halil, shi ne: wanda ya ji tsoron wankewa za ta ƙara ciwo ko ta jinkirta warkewa, ya shafi wurin, in shafar ma za ta cutar, ya shafi ɗaurin, ya wanke sauran gaɓoɓi. Ba sharaɗi ba ne a ce an ɗaura shi yana da alwala. In wanke lafiyayyun gaɓoɓin ma zai cutar, sai taimama. Haka nan wanda likita ya hana wa taka ƙafar, ya yi salla a zaune, domin gyambon da ake takawa ba ya haɗewa.

Neman magani ba ya rushe tawakkali. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, shi kansa ya wallafa littattafai kan magunguna. Gaskiya ne hare-haren 'yan bindiga, waɗanda suka tsananta a ƙasar Sabon Birni da Isa a 2020 da 2021, sun sa tafiya ta yi wuya, amma wannan dalili ne na nuna rauni ga ma'aikacin lafiya mafi kusa tun ranar da aka gan shi, kafin ya zama abin da sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. In ƙafa ta yi wari, ko yatsa ya yi baƙi, ko zazzaɓi ya biyo baya, hakkin 'yan'uwa ne su ɗauke shi zuwa asibiti a ranar, ko da shi ya ce ba ya jin zafi.