Yadda Za Ka Gina Ƙaramin Ɗakin Mai Gadin Layin Dogo Da Taimakon Wayarka

A darasinmu na yau za mu ƙera ɗan ƙaramin gini irin wanda ake gani a bakin layin dogo, wato ɗakin mai gadin mashigar jirgi. Duk wanda ya taɓa yin motar kara yana yaro ya riga ya iya yanka da liƙi. Abin da ya rage masa shi ne awo, kuma nan ne wayarka za ta yi aiki.

Zariya wuri ne mai kyau ga wannan aiki. Layin dogo ya ratsa ta ya kai Kano a 1911, daga nan reshe ya tafi Gusau da Ƙauran Namoda, har ma akwai ƙaramin layin da ya riƙa zuwa Jos kafin a rufe shi a 1957. Tsofaffin gine-ginen reluwe suna lalacewa, wanda ya rushe kuwa sai dai hoto. Daga Ƙofar Gayan sai ka nufi Sabon Gari wajen tasha, amma ka nemi izinin ma'aikata kafin ka ɗaga waya.

Sikelin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne HO, wato 1:87. Komai za ka raba tsawonsa na gaske da 87. Ƙofa mai tsayin mita 2 za ta dawo milimita 23.

Ba sai ka hau gini da tef ba. Tsaya nesa daidai gaban bangon, ka jawo hoton da zum. Idan ka matso kusa ka ɗaga wayar sama, bangon zai tsuke daga sama, lissafinka ya lalace. Auna ƙofar kaɗai da tef. Sai ka buɗe hoton, ka yanke shi daidai tsayin ƙofar, ka duba yawan fiksel a bayanan hoton. A ce ƙofar mita 2 ta ba ka 400, bangon ya ba ka 520. To bangon mita 2.6 ne, a sikelinmu milimita 30.

Yanka bangaye huɗu daga kwali mai kaurin milimita 1 da sabuwar reza. Fara huda ƙofa da taga kafin ka raba bangon daga kwalin, in ba haka ba gefen zai yage. Liƙa tsinken ashana a kusurwoyin ciki don su tsaya cak.

Rufi ne ke tona asirin mai gaggawa. Da yawa suna ɗaukar kwalin katan mai layi-layi su ce kwano ne, alhali ya yi girma ƙwarai. Tazarar layin kwanon gaske kusan milimita 76 ce, a HO ba ta kai milimita 1 ba. Nemi bol mai lamba M6 wurin masu gyaran babur, zarensa milimita 1 ne. Shimfiɗa siririn alminiyom na naɗe abinci a kan roba mai laushi, ka mirgina bol ɗin a kai da ƙarfi. Don tsatsa, ɗan jan fenti da ƙurar jar ƙasa sun isa, kada ka cika.

Abu ɗaya kafin ka sayi dogo ta intanet: dogon HO mai faɗin milimita 16.5 yana wakiltar layi mai milimita 1,435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Tsohon layin Zariya milimita 1,067 ne, don haka mai milimita 12 za ka nema.