Motar Hannu da Lalurar da Ke Dawowa: Gano Tushe da Neman Hakki

Gabatarwa

Daga shekarar 1975, lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna, har zuwa farkon shekarun 1980, ma'aikaci a Samaru yakan iya karɓar rancen mota ya sayi sabuwar 504 tare da takardar garanti. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, sai jama'a suka koma ga motocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko 'yan Baljiyam. Irin waɗannan motoci, da na hannu da ake saye a gida, su ne suka fi yawa a hanyar Samaru zuwa Kwangila da Sabon Gari. Babban kukan masu su kuwa ɗaya ne: an kai gareji, an biya, bayan mako biyu lalurar ta dawo. Wannan darasi zai duba dalilin haka a kimiyyance, da kuma hakkin mai saye.

Alama Daban, Cuta Daban

Mota tsari ce ta sassa masu dogaro da juna. Sau da yawa abin da ya lalace ba shi ne mai laifi ba, wani ne ya jawo masa. Idan makanike ya canja wanda ya lalace ya bar mai laifin, to tsugune ba ta ƙare ba. Taiichi Ohno, injiniyan kamfanin Toyota a Japan, ya koyar da ma'aikatansa su tambayi "me ya sa?" har sau biyar a jere kafin su yanke hukunci a kan kowace matsala. Misalai biyu za su nuna amfanin wannan ƙa'ida.

Misali na Farko: Zafin Inji

A bakin teku ruwa yakan tafasa a digiri 100. Zariya kuwa tana kan tudu mai tsayin fiye da mita 600, saboda haka ruwa yana tafasa a wajen digiri 98. Inji mai lafiya yana aiki ne a kusan digiri 90, wato tazarar ƙarama ce. Abin da ke faɗaɗa ta shi ne murfin lagireto, wanda ke riƙe matsi har ruwan ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Idan robar murfin ta mutu, matsin ya zube, ruwa ya riƙa tafasa yana fita, musamman a zafin Maris da Afrilu.

Daga nan sai direba ya shiga ƙara ruwan rijiya ko na burtsatse. Ma'adinan da ke cikinsa su daskare a ƙananan bututun lagireto kamar yadda suke yi a gindin butar shayi, tsatsa ta biyo baya, ƙurar hunturu kuma ta toshe fuskarsa ta waje. Zafi ya ƙaru, kan inji, wanda a yawancin motocin zamani na alminiyam ne, ya lanƙwashe, gasket ya ƙone. Alamun haka su ne farin hayaƙi daga salansa, da baƙin mai ya koma kamar madara, da kumfa a cikin lagireto. Wanda ya canja gasket kaɗai, bai daidaita kan injin ba, bai wanke lagireto ba, bai sake murfi ba, zai dawo gareji. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Akwai kuma al'adar cire tamostat da zarar mota ta iso, bisa zaton cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Aikinsa shi ne tsare ruwa har inji ya ɗumama, sa'annan ya buɗe a tsakanin digiri 80 da 90. In babu shi, inji yakan daɗe da sanyi, ya sha mai da yawa, ya kuma ci kansa da wuri. A wasu injuna ma, tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ke kewaye lagireto, don haka cire shi yana iya ƙara zafin da ake gudu.

Misali na Biyu: Batir Mai Yawan Mutuwa

Batir cikakke yana nuna kimanin bolt 12.6 idan inji yana kashe. Idan an tayar, ya kamata altaneta ta ɗaga shi zuwa tsakanin 13.8 da 14.4. In bai kai haka ba, laifin na altaneta ne, ko na fambel da ya saki, ko na kan batir da ya yi tsatsa. In ya zarce sosai, ana dafa batirin ne. In kuwa caji daidai ne amma mota ta kwana ta ƙi tashi, sai a nemi wayar da ke satar wuta, sau da yawa ta rediyo ko fitilar da aka ƙara. Awon minti biyar da na'urar rewaya ya fi sayen batir uku.

Kwamfutar Mota

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Tarayyar Turai daga 2001, suna da kafa mai haƙora 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. Lambar da ta fito tana nuna inda za a fara dubawa ne kurum. P0300, alal misali, tana nufin wuta na tsallake a silinda, amma dalilin yana iya zama fulogi, ko kwayil, ko gurɓataccen mai, irin fetur mai yawan methanol da ya shigo Nijeriya a Fabrairun 2022. Goge lambar ba gyara ba ne. Haka nan, a kula ko fitilar gargaɗin inji tana kamawa in an murɗa makulli, domin akan cire ƙwanta don ɓoye aibi.

Garanti da Hakkin Mai Saye

Garantin kamfani yawanci shekara uku ne ko kilomita 100,000, kuma ya ƙare tun kafin motar ta hau jirgin ruwa. A 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya sami lambar Nobel a 2001, ya bayyana cewa matsalar kasuwar motocin hannu ita ce mai sayarwa ya san abin da mai saye bai sani ba, kuma garanti yana cikin hanyoyin rage wannan giɓi.

A fiƙihun Malikiyya, wanda ya sayi kaya sa'annan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. A dokar ƙasa kuma, Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin majalisar da aka kafa a 1992, ta wajabta wa ɗan kasuwa ya gyara, ko ya canja, ko ya mayar da kuɗin kayan da suka gaza. Amma aibin da aka faɗa wa mai saye ya yarda da shi ba ya cikin wannan. Kuma ko a gaban alƙali, ko hukuma, ko shugabannin ƙungiyar dillalai, hujja ce ke magana.

Matakan Kariya

1. Kafin biya, a kai motar wurin makanike da ba na dillali ba, a tayar da ita da sanyin safiya, a kuma yi doguwar tafiya da ita.

2. A binciki lambar shasi mai harafi da lamba 17, domin tarihin motocin Amurka yakan nuna haɗari ko ambaliya.

3. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu: sassan da aka lamunce, tsawon kwanaki, da wanda zai biya kaya da aiki.

4. In lalura ta bayyana cikin wa'adi, a sanar da mai sayarwa a rubuce kafin wani ya kwance inji, don kada ya sami hanyar zamewa.

5. A ajiye littafi na kwanan wata, da kilomita, da alamar da aka gani, da abin da aka canja, tare da rasit. A karɓi tsohon kayan da aka cire.

6. In lalura ɗaya ta dawo sau biyu, a dakatar da sayen kaya, a nemi awo da ra'ayin makanike na biyu.

Kammalawa

Lalurar da ke dawowa shaida ce cewa ba a kai ga tushe ba. Awo kafin canji, da rubutu kafin biya, su ne ke tsare aljihu, su kuma tsare rayuka a kan hanya, domin motar da ta mutu da dare a tsakiyar titin Kaduna haɗari ce ga kowa. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.