Hayar Mota a Kartum da Umdurman: Motar Gayu ko Irin Ta Gida?

Wanda ya saba riƙe sitiyari a gida, in ya sauka a baƙon gari ba abin da ke gundurarsa kamar zaman kujerar baya. Shi ya sa mutanenmu na Kano da Katsina da Maraɗi da suka riƙa zuwa Kartum, wasu karatu a Jami'ar Afirka, wasu jinya, wasu fatauci, da sun kwana biyu sai ka ji suna cigiyar inda ake ba da hayar mota. Sudanawa limozin suke ce wa irin waɗannan ofisoshi, ko da kuwa abin da ke fake a ƙofar ƙaramar Hyundai ce. Jefi-jefi, musamman wajen masu ba da motocin biki, ido kan faɗa kan wata 'yar gajeriyar mota mai kujera biyu da rufin yadi da ake naɗewa, sai zuciya ta ce maka: ka sha Corolla shekara da shekaru, yau ɗaya ɗana wannan mana.

Kafin a kai ga mota, sai an san garin da za a tuƙa ta. Yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023, kuma a Kartum ya fara. Iyaye da yawa ba su manta yadda aka kwaso ɗalibanmu a motocin safa zuwa iyakar Masar da Port Sudan ba. Sai a ƙarshen Maris na 2025 sojoji suka karɓe fadar shugaban ƙasa da filin jirgin sama. Mutane na komawa, kasuwanni na buɗewa, amma wuta da ruwa da asibitoci duk sun ji jiki, an kuma ci gaba da kai hare-haren jirage marasa matuƙa bayan nan. Wannan ba lokacin yawon buɗe ido ba ne. Shawarar nan ta wanda dole ta kai shi ce, ko mai jiran ƙura ta lafa, kuma maganar mai masaukinka ta wannan mako tana gaba da duk abin da ka karanta.

To, mu ɗauki Mazda MX-5, wadda ita ce aka fi sani a jinsin ƙananan motocin gudu tun fitowarta a 1989. Nauyinta bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Injinta a gaba yake, amma tayoyin baya ne ke tura ta, saɓanin Corolla ko Golf ɗinka da tayoyin gaba ke ja. Gaskiya ɗaya ce, tana da daɗin tuƙi. Ka ɗan murza sitiyari ta amsa nan take, giyarta gajera ce tana shiga da ɗan yatsa, birki kuwa ba sai ka danna da ƙarfi ba don ba wani kaya take ɗauke da shi ba. Ba ƙarfin inji ne sirrinta ba, akwai motocin gida da suka fi ta ƙarfi, rashin nauyi ne. Duk wanda ya tuƙa ta awa guda ya koma tasa, zai ji kamar an ɗaure wa tasa buhunan masara a but.

Sai dai wannan daɗi kwalta mai santsi yake so, da hanya a buɗe. A Kartum inda ake samun haka a da shi ne Titin Nilu da yamma, daga wajen Jami'ar Kartum, wadda ta samo asali daga Kwalejin Gordon ta 1902, a bi ƙarƙashin inuwar manyan bishiyoyi, a wuce dogon otal ɗin nan mai siffar ƙwai da Libiya ta gina, har Mogran inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu ke haɗuwa. 'Yan kilomitoci ne kawai, kuma wannan yanki na cikin waɗanda yaƙi ya fi ragargazawa. Da ka bar shi, kowace fa'ida ta motar sai ta juye ta zama matsala.

Ka fara da zama. A cikin irin wannan mota kusan a ƙasa kake, ƙafafu a miƙe, idonka daidai da tayar babbar mota. Ka kwatanta kanka a bakin tsohuwar gadar Farin Nilu, wadda aka gina tun shekarun 1920, da la'asar ana tsallakawa Umdurman. Hagu hafla ce, wato bas ɗin haya, salansarta na huro maka baƙin hayaƙi a fuska. Dama amjad, 'yar ƙaramar Daewoo ɗin nan da ake tasi da ita, tana neman kutsowa. Gabanka Hilux ce, wadda su suke kira boksi, ba ka ganin komai sai bayanta, direbanta kuma ko ya duba madubi ba lallai ya hango ka ba. Ƙafarka ta hagu na kan kulochi tun ɗazu. A Corolla aƙalla kana hango mota biyu ko uku a gaba, ka san lokacin da layi zai motsa. Cunkoson kuma ba ƙarami ba ne, domin babban birnin garuruwa uku ne da kogi ya raba, Kartum da Bahri da Umdurman, gadoji ne kaɗai ke haɗa su. Gadar Shambat da ke tsakanin Umdurman da Bahri ta karye a Nuwamban 2023, ta Halfaya ma ta samu rauni. Kullum da safe ka tambaya wace gada ce ake bi yau, kada ka dogara da taswirar waya. Kuma ko da wasa kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton gada ko shinge. Tun zamanin lafiya laifi ne.

Sai taya. Nan ne na fi son matafiyi ya tsaya ya yi tunani. Tayar motar gayu siririyar gefe ce, roba kaɗan ce tsakanin ƙarfen wili da kwalta. Ramin da motarka ta gida za ta faɗa ta fito da ɗan ƙara kawai, ita zai iya tsaga mata taya ko ya lanƙwasa wilin. Titunan Kartum kuwa, bayan ramukan da damina ke bari tsakanin Yuli da Satumba, yanzu akwai ɓaraguzan gini da guntayen ƙarfe. Buɗe but ka duba: samfurin MX-5 daga 2005 zuwa yau ba ya zuwa da safaya, sai ɗan famfo da kwalbar ruwan liƙi, wanda ƙusa kawai yake magani. But ɗin sabon samfurinta lita 130 ne, ƙaramar jaka biyu sun cika shi. In ka je tarbar wani da akwatinsa, sai dai ku ɗauko wa akwatin raksha, wato a-daidaita-sahunsu. Kuma idan yashi ya kwanta a kan kwalta, kamar yadda yake yi a gefen titunan Umdurman, mota marar nauyi da baya ke turawa takan wulwula gindi in ka taka totur a kwana. Hannun da ya saba da motar da gaba ke ja bai san wannan ba, gyaran da zai yi cikin firgici ma shi ke ƙara juya ta.

Rufin da ake naɗewa shi ne abin da ke jan ido, shi ne kuma mafi ƙarancin amfani. A watannin Mayu da Yuni zafin Kartum kan haura digiri 40 kusan kullum, rufin yadi ba ya tare shi kamar na ƙarfe, sai na'urar sanyaya mota ta yi ta fama. A wannan lokacin ne kuma habub ke tasowa, guguwar ƙura da ke tahowa kamar katanga ja, rana tsaka gari ya yi duhu. In ta same ka a hanya, sauka daga kan kwalta ba tare da ka yi nisa da gefenta ba, ka rufe gilashi ka jira. Daren Disamba da Janairu kaɗai ne buɗe rufi ke da ma'ana.

Abin da ya sa motarka ta gida take maka biyayya ba ƙarfinta kaɗai ba ne. Kana da bakanike da ya san kukanta, kana da kasuwar Ƙofar Ruwa inda za a nemo maka kowane ƙarfe kafin azahar. To a Kartum ma haka abin yake, sai dai motocin da gari ya sani daban ne. Kamfanin Giad da ke kudu da birnin ya daɗe yana harhaɗa motocin Hyundai, shi ya sa Accent ta cika tituna, tare da ƙananan Atos da Click, sai Corolla da Hilux da Land Cruiser. Kowane gareji na da kayansu. Motar gayu kuwa in shokozoba ta mutu, sai an yi odar ta daga Dubai ko Jidda, kai kuma kuɗin haya na tafiya, ko a riƙe kuɗin ajiyarka. Ga maganar mai: injinta fetur mai tsabta mai daraja yake so, alhali matatar Jaili da ke arewa da Bahri ta ƙone a Janairun 2025, kuma a lokacin ƙarancin mai abin da ake samu a galan a bakin titi ba mai rantsuwa a kan ingancinsa. Accent za ta haɗiye shi ta yi tari ta wuce. A ganina, in cikin gari za ka tsaya, nemi Accent ko Corolla. Ba za ka ji wani sabon abu ba, kuma haka ake so.

In kuma za ka fita gari, lissafi ya sake. Dalar Meroe ta Bajarawiya, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2011, tana da nisan kusan kilomita 200 a arewa, kan hanyar Shendi da Atbara. Kwalta ce, amma mota ɗaya ke tafiya ɗaya ke dawowa, ga tireloli daga Port Sudan, ga manyan safa masu gudu kamar ba gobe. Wuraren tarihi na Naƙa da Musawwarat kuwa sai an sauka daga kwalta an shiga yashi. Wannan aikin Hilux ne ko Land Cruiser, da safaya biyu da jarkar ruwa, da takardar izinin fita in ana nema a lokacin, an yi mata kwafi da yawa don kowane shinge na iya karɓar ɗaya.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan nauyi: motar ta wane ce? An sace dubban motoci a Kartum lokacin yaƙin, wasu an tsallaka da su ƙasashen maƙwabta, wasu an kwance su, wasu an sauya musu lamba da fenti. Tun kafin yaƙi ma akwai motocin fasa-ƙwauri marasa rajista da ake shigowa da su ta Libiya da Chadi, waɗanda Sudanawa ke kira boko. Saboda haka kada ka karɓi makulli daga hannun wani a bakin titi don ya yi maka sauƙi. Je ofis mai adireshi, tare da ɗan gari. Karɓi katin rajistar motar, ka buɗe bonet da kanka, ka share ƙurar da ke kan lambar shasi da yatsa, ka bi ta harafi-harafi da abin da ke kan katin. In sunan da ke jiki ba na ofishin ba ne, a nuna maka takardar wakilci. Duba inshora da ranar ƙarewarta. Zagaya motar kana ɗaukar bidiyo a gaban mai ita, har ƙasan bamba da gefen wili, inda ƙaramar mota ke fara gurzuwa. Yarjejeniyar da Larabci za a rubuta ta, kada ka sa hannu sai wanda ka yarda da shi ya karanta maka, musamman iyakar kilomita a rana, da ko an yarda ka fita jihar Kartum, da wanda zai biya in taya ko gilashi ya fashe.

Mafi yawan ofisoshin limozin da direba suke ba da mota, kuma ni ina ganin baƙo ya karɓi hakan da hannu biyu. Shingayen bincike sun yi yawa, ana kuma sa wa baƙuwar fuska ido, ganin an sha zargin cewa akwai mayaƙa daga ƙasashen yamma da Sudan a cikin RSF. Ɗan Najeriya ko ɗan Nijar da ya iso shinge shi kaɗai a jar mota mai ƙara, Larabcinsa na makaranta, ya jawo wa kansa tambayoyin da ba ya bukata. Direba ɗan gari ya san gaisuwar da ake yi, ya san lokacin da ake kashe fitila a kunna ta ciki, ya san unguwar da ba a shiga bayan magariba. Ya kuma san inda ba a fakawa, domin akwai harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a kangwaye da filaye, har an gano nakiyoyi a yankin Mogran da dajin Sunut. Motar gayu kuwa kujera biyu ce da ita, ba za ta ɗauki direba da kai da mai masaukinka ba. Fasfo da shaidar rajistar baƙi su kasance a aljihunka, tare da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa in har za ka taɓa sitiyari. In ka yi sa'a, direban ma Bahaushe ne, jikan mahajjatan da suka yada zango a ƙasar tun zamanin da ake tafiya Makka a ƙasa, ko na mutanen Mai Wurno da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Zai kai ka inda ake gasa agashe mai kyau.

Kuɗi: kada ka dogara da katin bankinka na gida. Zo da dala sababbi marasa lanƙwasa. Mutanen gari da manhajar Bankak ta Bankin Kartum suke biyan kusan komai, don haka mai masaukinka zai iya tura wa ofishin kai ka ba shi a hannu. An sauya takardun fam 500 da 1,000 daga ƙarshen 2024, ka kula kada a haɗa ka da tsofaffi. Dala ɗaya wajen fam 600 take kafin yaƙi, a 2024 ta haura 2,000, saboda haka a rubuta da wane kuɗi za a mayar maka da ajiyarka.

Cikin tsohon Umdurman kuwa, wajen Ƙubbar Mahadi da gidan Halifa Abdullahi da lungunan babbar kasuwa, ko wace iri ce motar, ajiye ta ka hau raksha. Haka ma in ka ji an dawo da zikirin 'yan Ƙadiriyya na yammacin Juma'a a Hamad al-Nil: filin maƙabarta ne mai yashi, kuma ana idar da magariba kowa zai fito lokaci guda. Ranar mayar da mota ka je da hantsi, ba da dare ba, mai a daidai inda ka karɓa, a sake zagaya ta tare da bidiyon farko a hannu, mai ofis ya rubuta a bayan yarjejeniyar cewa ya karɓa lafiya, ya sa hannu da kwanan wata.