Kuturta da Tarin Fuka a Jiki Ɗaya

Jama'a, yau za mu yi karatu a kan cuta biyu, watau kuturta da tarin fuka. Da yawanmu muna zaton wanda ɗaya ta kama, ɗayar ba ta taɓa shi. Ba haka ba ne. Sukan haɗu a jikin mutum guda.

Waɗansu ƙwayoyin cuta ne ke kawo su. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Wani likita a ƙasar Norway, mai suna Hansen, ya gano ƙwayar kuturta a 1873. Wani kuma a Jamus, mai suna Koch, ya gano ta tarin fuka a 1882. Ƙwayoyin nan biyu dangin juna ne. Duka a numfashi ake ɗaukarsu, daga majinyacin da bai fara shan magani ba. Ba gado ba ne, ba kuwa sammu ba.

Kuturta takan fara da tabo a fata, mai haske ko ja-ja. Ba ya ƙaiƙayi, in an taɓa wurin ba a ji sosai. Tarin fuka kuwa tari ne da ya kai mako 2 bai tafi ba, ga rama, ga zazzaɓi, ga gumi da dare.

To, mu ɗauka wani manomin riɗi ne a ƙasar Birniwa. Ya ga tabo a bayansa, ya tafi asibiti ya nuna. Yana kuma fama da tari tun kaka, amma bai faɗa ba, don yana zaton ƙurar sussuka ce. Wannan shiru da ya yi yana da hatsari ƙwarai.

Ga dalili. Akwai wani magani mai suna rifamfisin, wanda ke sa fitsari ya yi ja. Yana kashe ƙwayoyin nan duka biyu. Amma mai kuturta sau ɗaya yake shansa a wata, mai tarin fuka kuwa kullum. In aka ba manomin nan na wata-wata kaɗai, bai isa ya kashe ƙwayar tarin ba. Tana iya sabawa da shi, ta yi taurin kai, sa'an nan maganinta ya yi wuya. Haka kuma maganin da akan ba mai kuturta in jijiyoyinsa sun kumbura yakan rage ƙarfin jiki, har tarin da ke kwance ya tashi.

Da ya faɗi duka, da an auna majinarsa tun ran farko. In an sami ƙwayar, sai likita ya tsara masa magungunan tare. Na tarin fuka yawanci wata 6 ake sha. Na kuturta wata 6 ko wata 12 ne. Gwamnati ta haɗa aikin cutan nan biyu a shiri ɗaya, magani kuwa kyauta ne. A tambaya a asibitin Birniwa ko Babban Asibitin Haɗejiya.

Saboda haka mu riƙe abu uku. Mai tabo ya faɗi tarinsa, mai tari ya nuna tabonsa. Wanda ya fara magani kada ya bari don ya ji sauƙi, ko don aikin gona, ko tafiya cin rani. A kai mutanen gidansa a duba su, a kai jarirai allurar BCG. Kada mu guji mai shan magani, ɗan'uwanmu ne, kuma zai warke in Allah ya so. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Me ke kawo kuturta da tarin fuka?
2. Yaya tabon kuturta yake?
3. Don me shirun manomin nan yake da hatsari?
4. Wata nawa ake shan maganin tarin fuka?