Yadda Ake Gano Sababin Ciwon Kan Mai Jego

A ƙauyukan Falanko, in mai jego ta ce kanta zai tsage, sau da yawa sai a ce gajiyar haihuwa ce, a ba ta farasitamol. Ma'aikacin lafiyar da ya san aikinsa ba da ƙwaya yake farawa ba.

Awon jini ne farko. Idan ya kai 140/90, akwai magana. In ya kai 160/110, babu jira. Sai a tsoma ƴar takardar gwaji cikin fitsarinta, a duba kumburin fuska da hannaye, a tambaye ta ko tana ganin dishi-dishi, ko tana jin ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Waɗannan su ne masu share wa jijjiga hanya. Mutane na zaton da an sauka lafiya hatsarin ya wuce, alhali jijjiga na iya kama mace har mako 6 bayan haihuwa, wato kusan ƙarshen arba'in ɗin da take cikin ɗaki ana mata wankan jego. A nan ne ake tambayar kunun kanwa nawa take sha, don gishirin da ke cikin kanwa yana ƙara hawan jini. Ba kowace kaka ke son jin wannan ba. In alamun sun taru, ana yi mata allurar magnesium sulfate, a ba ta maganin saukar da jini, a tura ta asibitin Tanut.

Daga nan sai zafin jiki. In da zazzaɓi, a ɗiga jinin yatsa a gwada na cizon sauro, a duba ko mahaifa ta kamu. A lanƙwasa wuyanta: in ya sanƙare, musamman lokacin hunturu da bazara, a yi zaton sanƙarau. A ja fatar ido a ga ko jini ya ƙaranta.

Wadda aka yi wa tiyata da allurar kashin baya, nata ciwon yana da hali: in ta zauna ya taso, in ta kwanta ya lafa.

Amma ciwon da ya faɗo lokaci guda, ko ya zo da shanyewar hannu, karkacewar baki ko rikicewar magana, yana iya zama gudan jini ko zubar jini a ƙwaƙwalwa. Wannan sai hoton kai, don haka a nemi mota zuwa Damagaram tun kafin dare.