Lissafin Farashin Kilo Ɗaya Kafin Sayen Takin Zamani

Yawancin manoma idan suka je kasuwa sayen taki, tambayarsu ɗaya ce: nawa ne buhu? Wannan tambaya ba ta wadatar ba, domin buhu suna ne kawai. Abin da amfanin gona ke ci shi ne abin da ke cikin buhun. Saboda haka ya kamata ka san farashin kilo ɗaya. Hanyar samun sa kuwa ita ce ka raba kuɗin da za ka biya da yawan kilo ɗin da za ka karɓa. Farashin da ke cikin wannan darasi misali ne kawai, sai ka sa na kasuwarku a madadinsa.

A ce buhun yuriya mai kilo 50 naira 40,000 ne. Raba 40,000 gida 50, kilo ɗaya ya kama naira 800. A ce kuma mai awo yana sayar da kwano ɗaya naira 2,500, ka ɗora kwanon a sikeli ya ba ka kilo biyu da rabi. Kilonsa ya kama naira 1,000 ke nan. Wanda ya yi ta saye kwano-kwano har ya tara kilo 50, ya biya naira 10,000 fiye da mai sayen buhu. Ka lura cewa mudu da tiya ba ma'auni ne tsayayye ba, na wannan kasuwa daban da na waccan, don haka sai an auna kafin a yi lissafi.

Shi ma buhun kada ka dogara ga rubutun da ke jikinsa kaɗai. Akan sami wanda aka farke aka ɗebe, aka sake ɗinkewa. Idan aka sallama maka irin wannan buhu a naira 38,000, alhali nauyinsa kilo 45 ne, kilo ɗaya ya tashi a kan kimanin naira 844. Ragin da ka ga an yi maka ƙari ne aka yi. Ka duba ɗinkin bakin buhu, kuma ka nemi a ɗora shi a sikeli a gabanka. Idan sai ka yi tafiya kafin ka sayo, ka haɗa kuɗin mota da na dako a kan farashin kafin ka raba.

Lambobin da ke jikin buhu

A nan ne lissafin ya fi muhimmanci, musamman ga malaman gona. Lambobi uku da ake rubutawa a jikin buhun kamfa suna nuna kashi nawa cikin ɗari na naitirojin, fosfet da fotash ke ciki, a jere. Kamfa 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na kowannensu, jimla kilo 22.5 na abincin shuka. Kamfa 20-10-10 yana da kilo 10 na naitirojin, kilo 5 na fosfet da kilo 5 na fotash, jimla kilo 20. Yuriya kuwa kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, wato kilo 23 a buhu, ba ta da sauran biyun.

To, a ce 15-15-15 naira 45,000 ne, 20-10-10 kuma naira 42,000. A ido na biyun ya fi araha. Amma raba 45,000 gida 22.5, ka sami naira 2,000. Raba 42,000 gida 20, ka sami naira 2,100. Ashe buhun da ya fi tsada shi ya fi sauƙi a kan kilo ɗaya na abincin shuka.

Bambancin ya fi fitowa fili a lokacin zubi na biyu a gonar masara ko shinkafa, inda naitirojin ne abin da ake nema. Daga yuriya ta naira 40,000, kilo ɗaya na naitirojin ya kama kimanin naira 1,740. Daga kamfa 20-10-10 kuwa ya kama naira 4,200, fiye da ninki biyu. Manomin da ya yi zubi na biyu da kamfa don kawai shi ya samu a kusa, ya biya kuɗin fosfet da fotash a lokacin da ba su ne bukatar gonar ba. Sai dai kada wannan ya sa ka ɗauka cewa yuriya za ta maye gurbin kamfa a zubin farko. Saiwa na bukatar fosfet tun shuka tana ƙarama, kuma arahar yuriya ba za ta cike wannan giɓi ba. Ana kwatanta farashi ne tsakanin abubuwan da za su yi aiki ɗaya.

Ba kullum ne sayen buhu ya fi ba. Yuriya na jan danshi, idan aka buɗe aka ajiye ba a ɗaure da kyau ba sai ta dunƙule. Mai ƙaramar gona wanda kilo 15 zai ishe shi, gara ya haɗa kuɗi da maƙwabta biyu ko uku su sayi buhu guda, su raba da sikeli. Malamin gona zai taimaka ƙwarai idan ya je taron manoma da sikeli da kwanon kasuwar garin, a auna a gaban kowa, a rubuta farashin ranar a allo, sannan manoman su yi rabon da kansu.